Auta Ba Zai Tashi Ba

Asibitin bakin iyaka
Litinin

Yaya,

Assalamu alaikum. Na san za ki juya takardar nan gaba da baya kina neman mai ita. Ni ne jikan Inna Ƙarama, ƙanwar kakarki, siririn yaron nan da kika taɓa goyawa ya jiƙa miki zane. Rabonmu tun rasuwar kakarki. Yanzu likita ne ni a rundunar sojan ƙasa, gemu har ya fara fari. Ina gaishe ki da kyau, ina gaida yara, ina gaida ƙanenki Auta, wanda na ji ya zama matuƙin jirgin yaƙi. Ni ma lafiya lau, in ban da baya da yake damuna saboda yawan sunkuyo.

An karɓe mana wayoyi tun da aka fara rikicin nan, layin ma an kashe shi a yankin gaba ɗaya, shi ya sa na koma biro da takarda. Direban da ke kawo mana kayan abinci ya ce yana bi ta ƙofar sansaninku, kuma ya san ki: wai ke ce matar nan mai faɗa ta ɗakin laima.

Inda nake makarantar firamare ce aka sallami ɗalibanta. Aji na farko shi ne ɗakin tiyata, allon yana nan da lissafin da malamin bai samu ya goge ba. Sauran azuzuwan mun jera gadaje, inda gado ya ƙare mun haɗa benci bibbiyu. Daga tagar ofishin hedimasta ina hango tsaunin da ake faɗa a kansa, da kogin da ke gindinsa. Na tsallaken iyaka sun ce nasu ne, mu mun ce namu ne. An umarce mu kada mu kira shi yaƙi, mu ce ɗan rikicin iyaka. Waɗanda ake kawo min a kwance ba su ga bambancin ba.

Ga abin da ya sa na neme ki. Damina ta cinye hanya. Motar asibiti takan yini tana fama da taɓo kafin ta kai babban asibiti, alhali jirgi mai saukar ungulu ba zai yi awa guda ba. Ina da mutanen da ba abin da zan iya yi musu a nan sai tsayar da jini da addu'a. Nakan roƙi jirgi wajen Kwamandanmu, shi ya aika wa na gaba da shi, su aika hedikwatarmu, hedikwatarmu ta aika taku ta sojan sama. Daga nan shiru. Sojojinmu sun ce 'yan sama suna can a ɗaki mai sanyi suna shan shayi, ba sa son takalminsu ya taɓa laka. Ban yarda ba, amma na rasa abin da zan ce musu.

Ke kina ciki. Don Allah ki tambayar min Auta, me ya hana su zuwa? Ba sirri nake nema ba. So nake in san ko in ci gaba da kallon sama ko in daina.

Ƙanenki,
Likita

*

Sansanin jirage
Juma'a

Likita ƙanena,

Wa'alaikumus salam. Na gane ka tun kafin in kai layi na uku, zanen nan ma ban manta da shi ba, sabo ne dal. Mun gode Allah da ya raya ka har kake yanka mutane da izinin hukuma. Muna lafiya. Gwiwa ce kawai take min gardama. Yara sun girma sun watse, babbar tana da ciki. Auta yana gaishe ka, ya ce bai tuna fuskarka ba, amma ya yarda kai ɗan'uwa ne tunda ni na faɗa.

Ka ce wa direbanka ba faɗa gare ni ba, aikin ne ba ya son wasa. Laimar tsira nake naɗewa, wadda matuƙi ke saukowa da ita idan jirgi ya ƙi shi. Teburinmu yana da tsawon da sai ka ɗaga murya na can ƙarshe zai ji ka. Mukan shimfiɗa laima mu bi igiyoyinta ɗaya bayan ɗaya, kamar mai tsefe kan yarinya. Ba a shigo mana da abinci ko ruwa, ko zobe ba ma sawa. Wanda ya shigo da takalmi ne yake cewa ina da faɗa.

Na ba Auta takardarka a ɗakin cin abinci, ya karanta ya ture faranti. Ya ce, "Yaya, ki tambaye shi su waye suka fara faɗan ba su gaya mana ba." Wai manyanku sun ɗauka mako ɗaya ya ishe su su share tsaunin, su kai wa gwamnati albishir su kaɗai. Mu a rediyo muka ji an fara, kamar kowa. Da abu ya cije sai suka zo suna cewa a ba su jirage masu saukar ungulu da matuƙansu, su koma ƙarƙashin umarninsu. Namu manyan suka ce wanda bai taɓa tuƙa jirgi ba ba zai gaya wa matuƙi inda zai sauka ba, a dai faɗi abin da ake so, su za su tsara yadda za a yi. Naku suka ce ba za su tsaya suna roƙo a tsakiyar faɗa ba. A nan maganar ta tsaya, ana ta taro.

Ga shi kuma gwamnati ta gindaya sharaɗi: ko inuwar jirgi kada ta tsallaka kogin, don kada ƙaramin abu ya zama babba. Auta ya ce ke nan hanya ɗaya tak za su bi su isa tsaunin, kuma na can ɓangaren sun san ta. An tambayi naku ko mutanen tsaunin suna da makamin nan da ake harbo jirgi da shi daga kafaɗa, har yau ba amsa.

Maganar shayi kuwa, suna sha. Suna zaune cikin kayan tashi tun safe har la'asar, zufa na zuba, suna jiran umarnin da ba ya zuwa. Auta ya rame. Ni na rene shi tun da mahaifiyarmu ta bar shi yana rarrafe, na san ramar yunwa, na san ta takaici.

Ban sani ba ko na amsa maka. Ka riƙa sa matashi a bayanka in za ka zauna.

Yayarka

*

Asibitin bakin iyaka
Talata

Yaya,

Na samu takardarki, na ji daɗin jin kuna lafiya. Allah ya sauki babbar lafiya. Matashi na samu, zaman ne ban samu ba.

Abin da Auta ya faɗa na bar shi a cikina. A nan idan ka ce 'yan sama suna da hujja sai a daina gaishe ka. An turo mana wani Kyaftin daga wajenku, wai shi zai riƙa haɗa mu da jirage. Bawan Allah. Oba-obarsa, rediyon hannu, ba ta magana da tamu, taswirarsa daban da tamu. Ba mai zama kusa da shi wajen cin abinci. Ni nake ba shi maganin ciwon kai mu ɗan taɓa hira. Ya ce a can wajenku ma sun fara kiransa sojan ƙasa.

Akwai wani Kofur da aka kawo min an harbe shi a ciki. Tela ne kafin ya shiga soja. Ya kalli ɗinkin da na yi masa ya ce, "Likita, da a shagona kake da tuni na kore ka." Na roƙi jirgi, na jira, na sake roƙo. Da na ga cikin ya fara kumbura sai na sa shi a mota. Motar ta kafe a wani kwari, suka yi ta turi. Ya cika kafin su fita daga taɓon. Direban ya dawo min da shi, don bai san inda zai kai shi ba. Washegari amsa ta iso: an karɓi buƙatarmu, amma a sake aiko ta bisa tsarin rundunar sama.

Jiya jiragen yaƙi sun zo a karon farko. Majinyata masu iya tafiya har suka fito tsakar makaranta suna ɗaga hannu. Aka yi ruwan wuta a gefen tsaunin da abokan faɗa suka tashi tun shekaranjiya. Kwamanda ya ce 'yan sama makafi ne. Kyaftin ya ce labarin da aka ba su ya kwana a hanya kafin ya isa. Sun yi ta yi a gabana, ni ina wanke hannu.

Wannan karon ba tambaya na aiko ba. Na ga dai ina da wadda zan rubuta wa.

Ƙanenki,
Likita

*

Sansanin jirage
Asabar

Likita,

Muna lafiya, gwiwa dai tana nan da halinta. Allah ya jiƙan telan nan, ya ba iyalinsa haƙuri. A tsaye na karanta labarinsa a bakin tebur, sai da na fita waje na ɗan zauna.

Yanzu kam ba mai cewa suna shan shayi. Kullum suna tashi. Ƙara ta hana mu jin juna a ɗakin laima, da hannu muke magana. Ƙa'ida ita ce ba ka zaɓar laimar da za ka naɗe, duk wadda ta zo gabanka ita ce taka, amma abokan aikina sukan kau da kai idan ta Auta ta zo, su turo min ita.

Ka ga abin da ake yi a talabijin kuwa? Ko da yake ina za ka gani. Kakakin rundunarku ya fito ya ce sojan ƙasa sun karɓe rabin tsauni da ƙafarsu da ƙirjinsu, ko kalmar jirgi bai ambata ba. Washegari namu ya fito da hoton wuta daga sama, ya ce su suka buɗe hanya. A ɗakin cin abinci wani ya jefi talabijin da cokali. An ce manyan biyu in sun haɗu a taro ta bakin wani suke magana, kamar miji da mata da suka kwana da fushi.

Auta ya daina zancen waye da laifi. Jiya ya zo ya zauna a bakin ƙofarmu, ya cire takalmi amma bai shigo ba. Ya ce, "Yaya, hanyar nan ta zama kamar layin gidanmu, kowa ya san lokacin da nake wucewa." Na ce ya roƙi a canza musu. Ya yi dariya ya ce sai an tsallaka kogi, kuma an hana.

Idan ka ga jirage biyu sun bi ta kanku, na bayan shi ne nasa. Na san ba abin da za ka yi masa. Ka dai ɗaga kai.

Yayarka

*

Yaya,

Auta yana hannuna. An harbo jirginsa da safe, laima ta buɗe, mutanenmu suka ɗauko shi a bakin kogi. Jirgi ya zo yanzu. Na duba shi da kaina, ba zai tashi ba. Ki yi haƙuri. Zan rubuto.

Likita

*

Sansanin jirage
Alhamis

Likita,

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ban san yadda zan gaishe ka ba.

Makanikin jirgin da ya zo wajenku ne ya cusa min takardarka a hannu yana wucewa. Kafin in buɗe an tafi da su duka ofis, an hana kowa ganinsu. Na karanta har na haddace. Kai likita ne, ka san abin da ake nufi idan likita ya ce mutum ba zai tashi ba. Abin da ban sani ba shi ne ko yana da sauran numfashi yanzu da nake rubutu.

Na je wajen shugaban sansani, ya ce Auta yana hannun sojan ƙasa, ana bincike, in yi haƙuri. Na nemi a bar ni in zo, aka ce yankin na rundunarku ne, sai da izininsu. Na je ofishinku na cikin gari, suka kalli katin aikina suka ce in koma wajen namu. Na koma gida na zauna. Babbar ba ta sani ba, ina tsoron cikinta.

In yana ji, ka gaya masa ina nan. Ba ya son a rufe masa ƙafa in yana barci, tun yana ƙarami. In kuma ta riga ta faru, kada ka ɓoye min, kada ka bari in ji a bakin kakaki. Ka gaya min wanda ya yi masa wanka da inda aka sa shi.

Ka ce laima ta buɗe. Na gode da ka rubuta wannan.

Yayarka

*

Sansanin jirage
Lahadi

Likita,

Lafiyata ƙalau, tunda na san za ka tambaya.

An sako makanikin yau, na tare shi a bakin rumfar jirage. Ashe Auta da ransa. Ashe yana magana, har ya ɗaga masa hannu. Ashe jirgin nan dominsa aka aika shi, kai ka tsaya a bakin ƙofa ka ce ba zai hau ba, ka cika shi da sojojinku.

Na yi sujada a kan kwalta, sannan na tashi cike da fushi. Na yi makoki ni kaɗai a ɗaki saboda layi ɗaya da ka kasa rubutawa daidai. Wannan ma na bar shi. Amma ka gaya min, ƙanena ne ka ga ya fi kowa arha a makarantar nan? A nan ana cewa Kwamandanku ne ya sa ka, don ya riƙe matuƙinmu ya nuna wa duniya su suka cece shi. Ana cewa ka ce 'yan sama su ɗanɗana jira su ma. Na ce ɗan'uwana ba zai faɗi haka ba. Sai na tuna ban san ka ba. Yaron da na goya na sani, ban san abin da kaki ya mayar da shi ba.

Kai ka fara nemana, ka ce in tambayar maka Auta. Na tambaya, na ba ka amsa tsakani da Allah, har na nuna maka jirginsa. Yanzu ni nake tambaya. Yana ina? Me ya same shi? Me ya sa har yau ba a kawo shi ba?

Yayar Auta

*

Asibitin bakin iyaka
Laraba

Yaya,

Ina gaishe ki, ko da ba ki so. Auta yana da rai, ya bar nan jiya a mota zuwa babban asibiti. Wannan na fara sawa don kada ki tsaya nemansa a ƙasan takarda.

Ruwa ya ɗauke gada, sai jiya aka gyara, yau direba ya kawo min takardunki biyu tare. Da na karanta ta farko sai na gane abin da na jawo miki. A kan gwiwata na rubuta wancan saƙon, iskar jirgi tana neman fizge takardar. Nufina ba zai tashi da jirgin ba. Ni da nake faɗa wa mutane wannan kalmar da ɗaya ma'anar, ban ji abin da na rubuta ba. Ki yafe min wannan, ba ni da abin cewa.

Ɗaya maganar kuwa ga yadda aka yi. An kawo shi da hantsi, ƙafar dama a karye, baya ya bugu, amma idonsa biyu, yana motsa yatsun ƙafa duka. Na ce masa ni ne jikan Inna Ƙarama. Ya ce, "Au, kai ne mai fitsarin?" Na ɗaure ƙafar, na kwantar da shi a kan ƙyauren aji da muka cire. Kafin azahar sai ga jirgi ya sauka a filin ƙwallon makaranta. Ban roƙe shi ba, Yaya. Jirgin da na yi ta nema har na gaji.

Mutum uku yake ɗauka a kwance. Ina da wani Saje da ƙarfe a kansa, da mai riƙe mana oba-oba da huhunsa ke cika da jini, da wani soja da ƙafarsa ta fara wari. Biyun farko ba wanda ya yi musu. Gurbi na uku ne maganar. Matuƙin ya ce, "Umarnina in ɗauki namu. Waɗannan biyun ma alfarma ce." Na ce naku zai kai gobe, wannan ba zai kai ba. Ya ce, "Za ka ja min." Na ce to ya sauko ya ɗaga Auta da hannunsa, don ma'aikatana ba za su ɗaga ba. Ya dube ni, ya dubi sojan, warin ma ya isa inda yake. Ya ce zai sauke su ya juyo da la'asar.

Ba zan ce miki Auta ya yarda ba. Ya ce, "Likita, jirginmu ne fa." Na ce na sani. Ya kau da fuska. Yana jin ciwo, ba laifi ba ne don ya so tafiya.

La'asar ta yi, jirgi bai dawo ba. Kyaftin ɗinku ya yi ta kira har muryarsa ta dishe. Amsar da aka ba shi ita ce sojan ƙasa sun ƙwace musu jirgi da ƙarfi, ba wanda zai sake zuwa sai an ba da haƙuri a rubuce. Na je wajen Kwamanda na ce ya bayar. Ya buga kafaɗata yana dariya ya ce, "Likita, ka yi min maganinsu! Haƙurin me?" Washegari ya aiko masu ɗaukar hoto su ɗauki matuƙin da muka ceto. Na kulle ajin. Bai sa ni ba, Yaya, kuma ban faɗi maganar ɗanɗana jira ba. Amma ya ji daɗin abin da na yi, kuma wannan ya fi zagin mutanenku yi min ciwo.

Ana cikin wannan ja-in-ja ƙafar hagun Auta, mai lafiyar, ta fara yi masa nauyi, in na tsikare ta ba ya ji. Ina tsammanin kumburi ne a bayan yake danne jijiya. Ba ni da na'urar da zan gani. Da hanya ta buɗe na sa shi a mota a kan ƙyauren nan, na tokare shi da buhunan yashi, Kyaftin ya shiga ya riƙe masa kai.

Na ɗauka jirgin zai dawo. Da na san ba zai dawo ba, ban san wanda zan sa a gurbi na uku ba. Na yi ta juya maganar, ban samu amsar da zan ba ki ba.

Ƙanenki,
Likita

*

Babban asibiti
Asabar

Likita,

Ina gaishe ka. Ya bayan naka? Babbar ta sauka, mace, suna lafiya. Na ɗauki hutu, ina wajen Auta.

An yi masa aiki a baya. Ƙafar hagun ta fara dawowa, jiya ya tsaya da sanduna biyu yana zagin mai koya masa tafiya. Sun ce zai yi tafiya. Tuƙin jirgi kuwa ya gama. Na tare babban likitan a baranda na ce ya gaya min gaskiya, da an kawo shi a ranar, da zai koma aikinsa? Ya ce wataƙila, wataƙila kuma tun a sama bayan ya tafi, lokacin da kujera ta harbo shi daga jirgin. Na ce ba shi da wata amsar? Ya ce ba shi da ita. Ku likitoci duk bakinku ɗaya.

Ka ji an gama ko? An zauna an sa hannu, kowa zai janye daga tsaunin, ba namu ba nasu. Rundunarku za ta yi faretin nasara, tamu za ta yi nata daban a wata ranar. An ce sunanka yana cikin waɗanda naku za su ba lambar yabo, yana kuma cikin ƙarar da namu suka shigar. Matuƙin da ya saurare ka an sauke shi daga jirgi, yana ofis yana buga hatimi. Auta ya ce ba zai ba da shaida a kanka ba. Ban tone shi ba.

Saje bai yi rai ba, ban sani ba ko an gaya maka. Mai oba-oba yana samun sauƙi. Na ukun an yanke masa ƙafar daga gwiwa, amma yana nan. Ban neme shi ba. Mahaifiyarsa ce muke haɗuwa da ita a bencin da ke tsakanin ɗakin 'yan ƙasa da na 'yan sama, don a nan ma an raba su. Tsohuwa ce mai yawan magana, takan zo da ruwan zafi a fulas ta zuba min. Ta ba ni labarin jirgin da ya sauko ya ɗauki ɗanta, tana ta sa wa 'yan sama albarka. Ban gaya mata gurbin wa ya hau ba. Ta tambaye ni, "Naki na ƙasa ne ko na sama?" Na ce mata a yanzu dai na kwance ne.

Ba zan ce maka zuciyata ta huce ba. In na zauna da tsohuwar nan sai in ji ka yi daidai. In na koma ɗaki na ga Auta yana juya kai taga duk lokacin da jirgi ya wuce, sai in ji ba na son jin sunanka. Na gaji da auna su.

Idan an sallame ku daga makarantar, ka biyo ta nan kafin ka wuce gida. Shi ya ce in rubuta, ba ni ba. Bene na biyu, ɗakin ƙarshe. Ka zo cikin kayan gida, masu gadin ɓangarenmu ba za su bar ka ka shiga da wannan kakin ba.

Yayarka